Lami ba tsarki ba ne

Da safen nan aka turo min hoton abin da wata ta rubuta, wai "mu alƙalaminmu na faɗakarwa ne, ba irin na masu ɓata 'ya'yan mutane ba." To madalla. Ban kira suna ba, ita ma ba ta kira ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Laifina ɗaya: a littafina kishiya ta je wurin boka, kuma har labarin ya ƙare ba ta haukace ba. Ba ta bi bola tana tsince-tsince ba, mota ba ta kife da ita a hanyar Zariya ba. Tana nan a ɗakinta, tana shan furarta, dare ne kawai ba ta iya barci. Wannan shi ne ɓata tarbiyyar. A wurin Hajiya kuwa duk mugu sai ɓarin jikinsa ya shanye a babi na ƙarshe, ya nemi gafara yana dalalar da miyau, sannan a liƙa shafi uku na nasiha. Littafi shida, ciwo ɗaya. Ko asibiti ya gaji.

'Yar'uwa, miyar da ba gishiri ba ta fi wata tsarki ba. Lami ce kawai. Lami ba tsarki ba ne.

Kowane azumi malamai na karanta mana labarin matar Azizu, yadda ta kulle ƙofofi, yadda riga ta yage ta baya. Ba kwatanta rubutuna nake ba, astagfirullah, cewa nake yi ba a taɓa gyara ɓarna ta hanyar ƙin kallonta ba. Shata ya yi wa mashaya waƙa, kuma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ba don sun yarda da kwalba ba, don sun san Hausar da ke bakin mutumin nan ba ta da na biyu.

Kuma ku daina yi mana barazana da hukuma. Tun 2001 ake da Hukumar Tace Finafinai a Kano, a 2007 har littattafai aka tara aka cinna wa wuta. An daina karatu? Wanda aka ƙone nasa ma ai sai da aka karanta shi tukuna. Wani littafin ko ashana ba za a ɓata a kansa ba.

Wallahi na so in yi shiru. Amma ni za a ce wa mai ɓata tarbiyya? Ni da 'ya'yana mata uku, babbar ta sauke bara? Ni da na kwana biyu ina gyara miki ƙa'idar rubutu, ina raba miki "a kan" da "akan", ko kuɗin kati ban karɓa ba? Kin manta lokacin da kike kirana Anti?

Lami ba tsarki ba ne, a rubuta a ajiye.

Sannan waccan da ta biyo ni ta bayan fage ƙarfe ɗaya na dare tana roƙon babi na 14, babin bokan nan dai, saƙonta na nan ban goge ba. Na tura mata. Har "na gode" ta ce.