Ɗan Makaranta Ya Kwance Mini Zani a Kasuwar Nima

Kun dai san na rabu da tsohuwar kwamfutar shago mai Windows 7. Don tsabar wayo sai na kwashe jakar AppData, inda manhajoji ke ajiye saitinsu, ɗungurungum na juye a sabuwar, wai kada saitina ya ɓata. Ranar Alhamis Hajiya ta zo karɓar katin bikin 'yarta. Na danna CorelDRAW, manhajar da nake zana kati da ita, tambarinsa ya leƙo ya koma, kamar mai bin bashi ya tarar da zaman makoki. Sau uku ina cire shi ina sake sakawa. Ashe cirewa ba ta taɓa tsohon saitin nan, manhajar na tashi sai ta je ta karanto shi ta shaƙe.

Har na fara naɗe wayoyi zan hau trotro zuwa Circle, wurin masu gyara a nan Accra, sai ga ɗan ƙanwata ya dawo daga makaranta, yana tsotsar ruwan leda.

"Kawu, ka gwada F8?"

Na ce, "Kai, wuce ka cire yunifom. Tun ba a yi auren uwarka ba nake wannan sana'a." Da ƙarfi na faɗa, don Hajiya ta ji.

Yaron nan bai ko ajiye ledar ba. Ya riƙe ta da haƙori, ya danne maɓallin F8 da ɗan yatsa, ya buɗe manhajar. Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko a mayar da saiti yadda ya zo daga kamfani. Ya amince. Ta buɗe tar! Ruwan ledar ma har ya ɗiga a kan teburina. Ya juyo ya ce, "Kawu, akwai wani abu?" Wai akwai wani abu! Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗana," ta ba shi sidi 10. Ni ko kallo ban samu ba.

Amma wanda ya fi ƙona mini rai shi ne tela na kusa da ni. Tun safe yake jingine a ƙofata yana cewa sammu ne, a nemo rubutu a yayyafa. Mutumin da ko lambar waya bai iya ajiyewa! Shi ne ya fi kowa dariya, har da dukan cinya. Kuma kuɗin fostar da na buga masa tun ƙaramar Sallah bai biya ba, yadina na Babbar Sallah ma yana wurinsa ko yankawa bai yi ba.

Katin dai ya fita. Sai da Hajiya ta isa Mamobi ta bugo waya wai na rubuta sunan ango ba daidai ba.