Jika Biyu a Kasuwar Dole

Bakano ya sauka Damagaram da azahar, ƙura har gira. Ya zauna a bencin Buzu mai shayi kusa da Kasuwar Dole, inda Babarbare mai kanwa da Bafulatani suke hutawa, ya yafito wani yaro mai babur.

Bakano: Kai ɗan acaɓa, nawa za ka kai ni Birni, fadar Sarki?

Badamagare: Alhaji, nan kabu-kabu muke cewa. Dala ɗari.

Bakano: Ta Amurka? Mu Dala guda gare mu a Kano, ita ma dutse ce, ba ta ɗaukuwa.

Badamagare: Dala guda sefa biyar ce. In kuwa yini za mu yi, mu tahi Birni mu zaga Zango, ka ba ni jika biyu, ka sa isansi.

Bakano: Inna lillahi! Su biyun gare ni duk duniya, ɗaya ko yaye shi ba a yi ba!

Babarbare: Kai Bakano, kudi ake magana, ba dan mutum ba. Jika sefa dubu ce.

Bakano: To ku ce dubu mana! Isansi kuma wace dabba ce?

Badamagare: Abin da babur ke sha.

Bakano: Fetur! Kai, Faransanci ya cinye muku Hausa. Makaranta lakwal, malami mushe. Ku zo Kano ku ji Hausa orijinal, ba ta da miks ko kaɗan.

Buzu, wanda tun ɗazu ke tsiyaya shayi daga sama har ya yi kumfa, ya ɗago kai.

Buzu: Orijinal ɗin nan, Bagauda ne ya bar muku ita?

Babarbare: Ku daina gardama a garin mutane. Sarautar nan daga Barno ta zo, mu muka kafa ta.

Bafulatani: Ji bawana! To ka ce ƙafa.

Babarbare: Kafa.

Bafulatani: Wadda kake tafiya da ita nake nufi.

Babarbare: Ita na ce, kafa! Kai da bakinka ya mike, ka ce Zango.

Bafulatani: Jango.

Babarbare: Zinder.

Bafulatani: Jinder. Amma ni da gangan nake yi.

Badamagare: Ku yi ta yi. Alhaji, garin ga da kake renawa shi ne babban birnin ƙasa har 1926, kahin Nasara su kwashe su kai Yamai. Kuma ka tambayi tsohhinku labarin Amadu Kuran Daga, lokacin da ya nuho Kano da yaƙi.

Bakano: Ai ba a tone-tone a gaban shayi. Malam Buzu, nawa ne nawa?

Buzu: Kofi uku, dala talatin.

Bakano ya ƙirga da yatsu, ya ɓata, ya sake daga farko. Yana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, Hajiya ce daga Fagge.

Bakano: Lafiya lau na sauka. Mutanen kirki ne, sai tsada. Yanzun nan ma na yi ciniki da wani yaro, zan ba shi jika biyu ya... Hajiya? Hajiya, tsaya ki ji! Kai Babarbare, zo ka yi mata bayani!

Babarbare ya goge hannu a riga, ya karɓi waya.

Babarbare: Hajiya, ki kwantar da hankali. Kananan ne kawai zai bayar.