Gawar Wa Ake Feɗewa Kafin 'Yarka Ta Zama Likita?

A wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Taura, wata yarinya ta samu gurbin karatun likita bara. Maimakon barka da arziki, abin da kawunta ya fara faɗa wa mahaifinta a majalisar bayan la'asar shi ne: "Yaya, ka dai san gawar mutane ake ba su su feɗe ko?" Na ga 'yan boko suna yi wa irin wannan tambaya dariya, suna kiranta duhun kai. Ni ban ga abin dariya ba, domin dattijon ya kuskure ne a rabin maganarsa, ɗaya rabin kuwa ya taɓo abin da masu ilimin suka fi so a bar shi a rufe.

Inda ya kuskure shi ne zaton da ya yi cewa za a iya samun likita ba tare da wannan aiki ba. Mahaucin da ke feɗe akuya ranar kasuwa ya san mazaunin hanta da saifa da ƙoda ko da idonsa a rufe, amma akuya ba mutum ba ce, kuma a daidai nan ilimin likitanci ya maƙale fiye da shekara dubu. Kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani likita Bagirke mai suna Hirofilus ya feɗe gawarwakin mutane a Iskandariyya ta Masar, daga baya aka rufe wannan ƙofa. Da Jalinus, shi ma likita Bagirke, ya zo a ƙarni na 2 Miladiyya, birrai da aladu ya riƙa feɗewa, ya ɗora abin da ya gani a kan ɗan'adam. Shi ya sa ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙasusuwa biyu ne, ya kuma ce jini na ratsa wasu ƙananan huduji a bangon da ya raba zuciya gida biyu. Saboda girman sunansa, likitocin gabas da yamma suka haddace kurakuran kamar karatun allo.

Abin da ya kamata malamanmu su riƙa faɗa shi ne, malaman Musulunci na cikin waɗanda suka fara ja da Jalinus. A lokacin yunwar da ta afka wa Masar wajajen 1200, Abdullaɗif al-Bagdadi ya tarar da tarin ƙasusuwan mamata kusa da Alƙahira, ya duba ƙoƙon kai sama da 2,000, ya ga muƙamuƙin ƙashi ɗaya ne tak. Bai ji nauyin Jalinus ba, ya rubuta abin da idonsa ya gani, tun da gani ya kori ji. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya yi sharhi a kan littafin Ƙanun na Ibnu Sina, ya musanta hudujin nan, ya ce ta huhu jini yake bi daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu. Gaskiya ne shi da kansa ya ce shari'a da tausayi sun hana shi feɗe gawa, kuma bai dace a ɓoye wannan ba. A Turai sai a 1543 Andiriyas Besaliyus, malami a jami'ar Paduwa ta Italiya, ya fitar da littafinsa mai zane-zane bayan ya feɗe gawarwaki da hannunsa.

Wannan ba tarihin nishaɗi ba ne a wurinmu. Likitan da ke ɗinke mai yoyon fitsari a asibitin Jahun, dole ya san tazarar da ke tsakanin mafitsara da mahaifa da hanyoyin fitsari kafin ya ɗauki allura. Mun kuma san abin da yankan gishiri da cire beli suka jawo wa mata da jarirai a hannun waɗanda ke da wuƙa mai kaifi amma ba su taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin fata ba. Tun kusan shekara dubu da suka wuce, likitan tiyata Zahrawi na Andalus ya gargaɗi ɗalibansa cewa mai tiyatar da bai san ƙirar jiki ba zai halaka rayuka.

Sai dai tambayar kawun yarinyar nan tana da wutsiya: gawar wa? A nan tarihin ba shi da daɗin ji ko kaɗan. A Birtaniya, dokar 1752 ta miƙa gawar wanda aka rataye kan kisan kai ga likitoci, don ƙara masa wulaƙanci. Da gawarwakin suka yi kaɗan, sai tonon kabari ya zama sana'a, har ta kai a 1828 wasu mutum biyu a Edinbara, Bak da Heya, suka kashe mutum 16 suka sayar wa wani malamin likitanci. Dokar 1832 ta kashe kasuwar ɓarayin kabari, amma ta yi hakan ne ta hanyar halatta gawar talakan da ya mutu a gidan gajiyayyu ba wanda ya zo nema. Wato an ɗauke nauyin daga kan mai laifi an aza wa matalauci.

Dokar da Turawan mulkin mallaka suka kafa mana a 1933 wannan sahun ta bi, kuma har yau makarantun likitancin Najeriya sun dogara ne kacokan kan gawar da ba a zo nema ba, ciki har da ta waɗanda aka harbe bisa zargin fashi. To, wane ne ba a zuwa nema? Ba ɗan kwamishina ba ne. Ɗan ci-rani ne daga Gumel ko Ɗambatta da mota ta kaɗe a Legas ba katin shaida a aljihunsa, ko mai taɓin hankali da ya yi nisa da gida, alhali tsohuwarsa na can ƙauye tana sauraron dawowarsa da damina.

Addini bai bar mu a duhu ba. Hadisin Nana A'isha da Abu Dawuda ya ruwaito ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kuma a kan wannan girmamawa Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) da ke Makka ta gina hukuncinta a 1987. Ta yarda a feɗe gawa don binciken kisa, ko gano cuta, ko koyarwa, amma da sharuɗɗa: izinin mamacin tun yana raye ko na magadansa idan an san shi, tsayawa iya buƙata, mace ta kasance a hannun mata in akwai su, sannan a binne dukkan sassan jikin bayan an gama.

Ina ganin abin da ya rage wa gwamnatocin Kano da Jigawa ba mai tsada ba ne. Kafin a miƙa kowace gawa ga makaranta, a rubuta kamanninta a rajista, a yi cigiya da Hausa a gidajen rediyo kamar yadda ake cigiyar yaron da ya ɓata, a kuma aika wa hakimai da dagatai. A ƙara sayen gumakan roba da manhajojin kwamfuta don rage yawan gawarwakin da ake buƙata, duk da cewa ba za su maye gurbinsu gaba ɗaya ba. Idan an kammala karatu kuma, a yi wa mamacin sutura, a kira liman da ɗaliban da suka koya a jikinsa, su ɗauki makararsa zuwa maƙabarta.