An sallami Granato, amma raina bai yi fari ba

Jiya Litinin, 6 ga Maris 2023, ina wurin aiki saƙo ya shigo min waya cewa jami'ar Wisconsin da ke garin Madison a Amurka ta sallami Tony Granato daga kujerar kocin hoki na maza. Shekara biyu ke nan ina cewa a yi haka, duk wanda ya taɓa zama kusa da ni a Kohl Center, filin wasanmu, ya ji ni ina faɗa, amma da abin ya tabbata wallahi ban ji wani daɗi ba, sai ma wani nauyi da ya danne min ƙirji har na tashi aiki. Na kwana ina juya maganar, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, duk da na san da yawanku ba ku taɓa kallon wannan wasa ba.

Ga wanda bai sani ba, a kan ƙanƙara ake yinsa, mutum shida shida har da gola, kowa da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa da sanda a hannu, suna bin wani ɗan faifan roba baƙi. Zango uku ne, kowanne minti 20, kuma gudun ya kai yadda ɗan wasa ba ya cika wuce minti ɗaya a ciki sai ya fito wani ya shiga. In ka yi laifi a kai ka wani ɗan akwati ka zauna minti biyu, 'yan uwanka su yi ta fama da mutum ɗaya a rage.

Ni a 2009 na zo Madison karatu. Sunan jami'ar ma tun a gida na san shi saboda an daɗe ana koyar da Hausa a cikinta, nan marigayi Neil Skinner ya yi aiki. Hunturun farko ya kusa sa ni in tattara in koma, rana ta faɗi tun ƙarfe huɗu da rabi, ga sanyi ga kaɗaici, sai wani abokin karatuna ya ja ni kallon wasa wani daren Juma'a. Jama'a, ban taɓa mantawa da wannan dare ba. Mutum sama da 15,000, kusan kowa da jar riga, masu busa da kiɗa na ɗalibai suna ta yi, da muka ci ƙwallo sai na ga ɓangaren ɗalibai gaba ɗaya sun miƙa hannu suna nuna golan baƙi suna nanata wata kalma ɗaya. Na tambayi abokin nawa me suke cewa, ya yi min bayani, ashe rariya suke ce masa, wato komai wucewa yake ta jikinsa. Daga wannan dare na fara jin garin nan nawa ne. A wannan kakar muka je har wasan ƙarshe na ƙasa a Detroit, Boston College ta ba mu 5 da nema, abin ya yi ciwo amma ba wanda ya sunkuyar da kai, don mun san mu su waye.

Su waye mu? Kofin ƙasa shida: 1973, 1977 da 1981 a hannun Bob Johnson, 1983 da 1990 a hannun Jeff Sauer, sai 2006 da Mike Eaves ya doke Boston College 2 da 1 a Milwaukee. Ku riƙe sunayen nan, zan dawo kansu.

Sai abu ya zube. Kakar 2014-15 wasa 4 kacal muka ci a cikin 36, ta gaba 8, aka sallami Eaves a Maris 2016. Barry Alvarez, wanda ke shugabantar wasannin jami'ar a lokacin, ya kawo Granato tare da ƙaninsa Don da Mark Osiecki, dukkansu tsofaffin 'yan wasanmu ne. Kai, ranar garin nan kamar sallah. Granato ya buga mana daga 1983 zuwa 1987, ya daɗe a NHL, babbar lig ta ƙwararru, ya yi kocin Colorado Avalanche, ya yi mataimaki a Pittsburgh da Detroit. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Shekarar farko muka ci wasa 20, Penn State ta ƙwace mana kofin Big Ten, rukunin jami'o'in da muke ciki, a ƙarin lokaci na biyu, muka ce ai an dawo.

Ba a dawo ba. 14 aka ci a shekara ta biyu, wadda a tsakiyarta kocin ya tafi Koriya ta Kudu jagorantar Amurka a Olamfik na 2018, kuma ni dai har yau ina ganin bai kamata mai gyaran gidan da ya rushe ya tafi wani aiki a watan Fabrairu ba, komai girman aikin. 14 aka sake ci a ta uku. Amma wadda ta fi tsaya min a rai ita ce 2019-20, kuma a kanta nake so in daɗe.

A wannan shekarar muna da Alex Turcotte wanda Los Angeles ta zaɓa na 5 a duk zaɓen sababbin 'yan wasa na NHL na 2019, muna da Cole Caufield wanda Montreal ta zaɓa na 15, muna da K'Andre Miller, ɗan baya wanda New York Rangers ta zaɓa, ga Dylan Holloway wanda Edmonton ta zo ta ɗauka na 14 a 2020. Kowace jami'a a ƙasar nan za ta yi kwaɗayin yaran nan. Da su muka ci 14, aka ci mu 20, muka zama na ƙarshe a Big Ten. Na ƙarshe fa! Na kalli kusan duk wasannin gida da idona, kuma abu ɗaya ne yake ta maimaita kansa, yaro zai ɗauko faifan ya yanke mutum biyu ya zura ƙwallon da sai ka miƙe tsaye, ba a yi minti uku ba an sakar wa abokan hamayya faifan a gaban ragarmu, ba mai komawa baya, ba mai tsayawa a bakin raga ya ture mutum, gola shi kaɗai an bar shi a fili. In aka kai namu akwati sai in ji cikina ya ɗuri ruwa. Wannan ba maganar baiwa ba ce, baiwa kam akwai ta har ta yi yawa. Wa zai tsaya ina, wa zai rufe wa wa, yaushe za a fita a canza, wannan aikin koci ne, a atisayen Litinin zuwa Alhamis ake koyar da shi. Kuma da kakar ta ƙare Turcotte da Miller suka sa hannu a NHL suka tafi.

Na san za a ce min to 2021 fa? E, mun zo na ɗaya a Big Ten, Caufield ya ci ƙwallo 30 a wasa 31, ya ɗauki kyautar Hobey Baker ta gwarzon shekara, kuma abin takaici korona ta hana mu shiga mu gani da ido, sai a talabijin. Amma me ya faru da aka shiga gasar ƙasa? Bemidji State, wata ƙaramar jami'a can arewacin Minnesota da ba ta da ko mutum ɗaya mai sunan Caufield, ta fitar da mu 6 da 3 a wasan farko. Yara ne manya, sun daɗe tare, kowa ya san aikinsa, suka matse mu tun daga farko ba su bari mun numfasa ba. Biyu daga cikin ukun da muka ci ma Caufield ne ya ci. Ranar na gane cewa mutum ɗaya ne ya goya mu duk shekarar, kuma da ya tafi Montreal gaskiya ta fito, 10 aka ci aka sha kashi 24, bana kuma 13 da 23, Michigan ta sallame mu a wasa biyu a jere ƙarshen makon nan. Shekara bakwai, an ci 105 an sha kashi 129, sau ɗaya aka je gasar ƙasa. Zuwa wannan Maris na 2023, rabon da mu ci wasa ko ɗaya a gasar ƙasa tun 2010.

A watan Janairu na tafi da 'yata, shekararta tara, wani wasan Asabar. Muna zama ta ɗaga kai ta kalli benen sama ta ce "Baba, mutanen can sun makara ne?" Na rasa me zan ce mata, don na san ba masu zuwa ba ne. Kujeru jajaye reras ba kowa, har kana jin ƙarar takalmin 'yan wasa a kan ƙanƙara da muryar koci yana kiran canji, abin da a 2010 ko ihu ka yi na kusa da kai ba zai ji ba. Dattijon da ke zama a layin gabanmu, wanda tun zamanin tsohon filinmu, Dane County Coliseum, yake sayen tikitin shekara, ya juyo ya ce min yanzu ko kyauta ya ba da tikitin matarsa ba ya samun mai karɓa. Bai faɗa da fushi ba, da sanyin murya ya faɗa, kuma wannan ya fi fushin ciwo.

Kada kuma wani ya kawo min uzurin cewa yara ba sa son zuwa Madison ko kayan aiki ne babu. Ga LaBahn Arena nan manne da Kohl Center, inda mata suke wasa. Mark Johnson, ɗan Bob Johnson, wanda ya ci Tarayyar Sobiyet ƙwallo biyu a Olamfik na 1980, shi ne kocinsu, kuma zuwa farkon Maris 2023 ya kawo musu kofin ƙasa shida, 2006, 2007, 2009, 2011, 2019 da 2021. Gari ɗaya, jami'a ɗaya, sanyi ɗaya. Wasu kuma suna ɗora laifin a kan barin WCHA, tsohon rukuninmu, da aka yi a 2013 aka koma Big Ten, ni ma ina kewar ranakun da North Dakota da Denver suke zuwa mana, amma ai Minnesota tare muka koma, ga ta bana tana saman kowa.

Abin da ya hana ni murna jiya shi ne ina tsoron a sake yin irin zaɓen da aka yi a 2016. Mu a nan muna da wani ciwo na son ɗan gida, in kujera ta zama babu kowa sai a fara lissafin tsofaffin 'yan wasa, wa ya taɓa sa jar riga, wa ya san al'adarmu. To ku duba sunayen da na ce ku riƙe. Bob Johnson ɗan Minneapolis ne, a jami'ar Minnesota ya yi wasa, abokan gabarmu, daga Colorado College aka ɗauko shi. Jeff Sauer ma a Colorado College ya yi wasa. Kofi biyar cikin shidan da muke taƙama da su, mutanen da ba su taɓa buga wa Wisconsin ba ne suka kawo. Al'adar da muke cewa sai ɗan gida ne zai iya riƙe ta, baƙo ne ya kafa ta. Kuma matsalar ɗan gida ita ce kunya, ana jin nauyin a ce masa ya isa, shi ya sa abin da ya kamata a yi bara sai bana aka yi, aka ƙara asarar shekara guda.

Ku dubi UMass, wato jami'ar Massachusetts. A 2016 ɗin nan da muka ɗauki Granato su ma suka ɗauki Greg Carvel daga St. Lawrence. Shekararsa ta farko wasa 5 ya ci. A 2019 ya kai su wasan ƙarshe da Cale Makar, Makar ya tafi Colorado, su kuma ba su rushe ba, a 2021 suka ɗauki kofin, suka ba St. Cloud State 5 da nema. Tauraro ya tafi ƙungiya tana nan, mu kuwa tauraro ya tafi muka koma ƙasan tebur. Scott Sandelin a Duluth ya ɗauka a 2011, 2018 da 2019. Mike Hastings ya kai Minnesota State wasan ƙarshe bara, da yaran da yawancinsu sai da suka yi shekaru a ƙananan lig irin su USHL suka zo jami'a da shekara 20 ko 21, suka kuma zauna shekara uku huɗu. Ban ce a daina neman taurari ba, Michigan da ta fitar da mu cike take da su, amma ɗan shekara 18 da ya san wata shida zai yi ya wuce ba a gina gida a kansa, sai dai a ɗora shi a kan ginin da ya riga ya tsaya.

Shi kansa Granato ba ni da komai da shi sai girmamawa. Mutumin da aka yi wa aiki a ƙwaƙwalwa a 1996 ya dawo ya ci gaba da wasa a NHL, wanda da ya karɓi aikin nan ya koma aji yana da shekara sama da 50 ya ƙarasa digirinsa a 2017, yana son jami'ar nan fiye da yadda ni zan taɓa son ta. Shi ya sa abin ya yi min nauyi. Aikin ne bai yiwu ba, kuma waɗanda suka ga haka suka yi shiru suna da nasu kason.

A wannan Maris na 2023 magana tana hannun Chris McIntosh, wanda ya gaji Alvarez a 2021. A ƙwallon Amurka ya nuna zai iya, ya sallami koci Paul Chryst a Oktoban 2022, ɗan gida haifaffen Madison, kowa ya ɗauka mataimakinsa Jim Leonhard za a bar wa kujerar, sai ya je Cincinnati ya ɗauko Luke Fickell. Abin da nake roƙo ya yi mana ke nan a hoki, ya nemo wanda ya taɓa gina ƙungiyar jami'a da hannunsa, ko daga ina yake, ko da bai san hanyar Kohl Center ba sai an nuna masa.

Kujerunmu biyu dai zan sabunta su in lokaci ya yi, na riga na faɗa wa maman yara. 'Yata ba ta taɓa jin mutum 15,000 suna kiran gola rariya ba, a bakina kawai take jin labarin, kuma ina so ta ji da kunnenta tun tana yarda ta bi ni.