Nan ana harbin giwa da lasin amma ƙaruwa take, mu mun hana kuma tana ƙarewa

Jama'a duk sanda na faɗa wa 'yan uwa a gida cewa nan Namibiya gwamnati da kanta take ba da lasin harbin giwa sai a ɗauka zolaya nake, to wallahi haka ne, kuma ƙididdigar gwamnatinsu ta ce daga wajen 7,500 a 1995 giwayen sun haura 20,000. Mu kuwa a Najeriya doka ta hana taɓa giwa kwata-kwata, amma garken Yankari da muke tinƙaho da shi bai wuce ɗari ko ɗari da 'yan kai ba.

Abin da suka yi ba wani siddabaru ba ne. A 1996 suka gyara doka, aka ce mutanen karkara in sun haɗa kai sun shata iyakar dajinsu sun zaɓi kwamiti sun yi rajista, to amfanin naman dajin da ke ciki nasu ne. Ƙungiyoyi huɗu aka fara yi wa rajista a 1998, yanzu sun kai 86, kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙasar. Kowace ƙungiya tana da masu gadinta 'yan ƙauyen, da yawansu ma tsofaffin mafarauta ne da suka san sawun kowace dabba, suna yawo da littafi suna rubuta abin da suka gani, yau zaki ya kashe saniya a wuri kaza, an tsinci tarko a wuri kaza. Duk shekara a fita ƙirga, daga nan ma'aikata ta yanke adadin da za a iya harbewa, baƙon da ya zo farauta ya biya kuɗi mai tsoka a asusun ƙungiya, nama kuma a rabar gida-gida. Mutumin da albashinsa da rijiyar garinsu suka fito daga wannan asusun, in ya hango baƙon ido da bindiga cikin dare ba sai an roƙe shi ya kai rahoto ba.

Kar ku ɗauka aljanna ce fa. Ana rigima kan kuɗin kwamiti kamar ko'ina, diyyar gonar da giwa ta tattake ba ta taka kara ta karya ba, da korona ta zo a 2020 baƙi suka ɗauke ƙafa asusun ya bushe. A 2024 saboda fari gwamnati ta ce za ta kashe dabbobi 723 har da giwaye 83 a raba nama, ni kaina abin bai kwanta mini ba.

Yanzu ku dubi yadda muka yi da madobiya, icen nan da ake ce wa madrid a Taraba. 'Yan kasuwar China suka buɗe baki, cikin 'yan shekaru aka shiga da injin yanka aka kwantar da bishiyoyin da suka girmi masu saransu, tirela bayan tirela zuwa Legas, babu wanda ya ƙirga nawa ke tsaye balle ya ce bana iya nan za a tsaya. A 2016 aka sa icen cikin jerin da yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan daji ke sa wa ido, a 2018 aka dakatar da Najeriya daga fitar da shi. Ɗan ƙauyen da ya yi dako ya samu na cefanen 'yan kwanaki, dillali ya gina gida, dajin kuma ya zama fili. Wannan ma ai ciniki ne, shi ya sa in wani ya ce min a bar kasuwa ta yi halinta sai in tambaye shi wa ke riƙe da littafin lissafi.

Masu cewa a hana komai su ma ina da magana da su. Najeriya ta niƙe hauren giwa tan 2.5 a Abuja a Janairun 2024, an yi hotuna an tafa, madalla, amma manomin da ke kwana a gona yana buga gwangwani don korar giwa a gefen Yankari me ya shiga aljihunsa? Shi ya sa da shugaban Botswana na lokacin, Masisi, ya ce zai aika wa Jamus, da ke neman taƙaita shigo da sassan dabbobin da aka farauto, giwaye 20,000 su ɗanɗana zama da su, nan dariya aka yi ta yi amma kowa ya gane inda ya dosa.

Ban ce a fara harbin giwa a Bauchi ba, wanda ke da ɗari ai ba shi da ta sayarwa. Ko a Kure ta Nijar ba harbi aka yi ba, raƙuman dawa sun tashi daga 49 a 1996 zuwa sama da 600 saboda ƙauyukan sun ga kuɗin 'yan kallo da aikin jagora, kafin harin 'yan bindiga na 2020 ya kori baƙi. Abin da nake so a rubuta a doka shi ne kason ƙauyukan da ke kewaye da gandun dajin Yankari da na Gashaka Gumti daga kuɗin ƙofa da na lasin katako, a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a duk shekara, masu gadi kuma a ɗauke su daga cikin mafarautan wurin.