Ba sai ruwa ya yi zurfi ake samun kifin kirki ba

Maganar da ta ishe ni ita ce wai ruwan da bai wuce gwiwa ba babu komai cikinsa sai 'yan ƙananan kifaye. Masu faɗar haka suna da hujja, domin a koguna da yawa manyan kifaye cikin gurbi suke kwana. Amma a gaɓar tekun ƙasashe masu zafi abin ba haka yake ba.

A tsibirin Andros na Bahamas akwai filayen yashi masu faɗin gaske da ruwa ke rufewa idan teku ya ciko. Ƙaguwa da jatan lande suna ɓoye cikin yashin, kifin bonfish kuwa su yake biyowa. Yakan kafa kai ƙasa yana tono, wutsiyarsa a waje tana ƙyalli. Mai fatsa yana takawa a hankali har ya hango shi, sannan ya jefa masa ƙugiyar da aka ɗaure wa gashi da zare ta yi kama da jatan lande. Ƙugiyar ba ta da nauyi, igiyar ce ke kai ta. Inuwa kaɗan ta gifta, kifin ya tsere. In ko ya kama, sai ya zura da igiya mita da yawa cikin ƙiftawar ido.

Kifin tarfon ma, wanda kan haura kilo 45, yana shigowa irin wannan ruwa a jihar Florida ta Amurka. Tun 2013 dokar jihar ta ce duk bonfish da aka kama a sake shi.