Launin ya yi kyau, amma akwai dalma a cikinsa

A 2015 ne ayarin masana ƙarƙashin Maksym Kovalenko a jami'ar ETH da ke Zurik a ƙasar Suwizalan ya nuna wa duniya wasu 'yan kwalabe a jere, suna ƙyalli kamar bakan gizo idan an haska musu fitila. Abin da ke ciki ƙwayoyin sinadarin ferobskayit ne, ƙanana ƙwarai, waɗanda dubbansu za su jeru a faɗin silin gashi ɗaya. Sunan ya samo asali daga wani dutse da aka gano a tsaunukan Ural na Rasha a 1839.

Abin burgewa shi ne yadda ake juya launinsu. Kowace ƙwaya haɗin wani ƙarfe mai suna siziyom ce da dalma da ɗaya daga cikin wasu sinadarai 'yan uwa uku. In aka sa kulorin, hasken ya karkata zuwa shuɗi. Buromin ya ba da kore shar. Aidin kuma ja jawur. Ana iya zuba ruwan aidin a kwalba mai kore, kafin ka ankara ta rikiɗe ta koma ja a gaban idonka. Launin kuma tsantsa ne, ba gauraye, irin wanda masu ƙera allon waya da talabijin ke nema ruwa a jallo. Ga araha, domin a cikin ruwan sinadari ake haɗa shi, har ana iya buga shi kamar tawada. Zuwa 2018 ingancin fitilun LED na ferobskayit wajen mayar da lantarki haske ya haura kashi 20 cikin 100.

Ban musa wannan nasara ba, kuma ina son ta kai kasuwa. Amma da sauran rina a kaba. Danshi da zafi da iska suna lalata ƙwayoyin, shuɗin ma ya fi saurin dusashewa, domin kulorin da buromin da aka gauraya kan rabu idan wutar lantarki ta ratsa, launin ya sauka daga inda aka ajiye shi.

Babbar damuwata dai dalma ce. Masu goyon baya na cewa 'yar kaɗan ce, ko kusa ba ta kai wadda ke cikin batirin mota ba. Gaskiya ne. Sai dai wannan irin da ruwa ke narkarwa ce, kuma mu mun san dalma ba a littafi ba: a 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda gubarta. An gwada maye gurbinta da kuza, amma kuzar na lalacewa da ta sha iska.

Tarayyar Turai ta ƙayyade dalma a kayan lantarki zuwa kashi 0.1 cikin 100. Sai dai tsohuwar waya ba lallai a Turai take ƙarewa ba. Duba ƙarƙashin teburin mai gyaran waya a kasuwanninmu, za ka ga kwali cike da fasassun gilasai, gobe su tafi bola, damina ta wanke su zuwa kwata. Don haka ra'ayina, duk kamfanin da zai sayar da allo mai wannan sinadari a tilasta masa ya rufe shi ruf yadda ruwa ba zai kai gare shi ba ko ya fashe, ya rubuta a jiki cewa da dalma, ya kuma biya kuɗin kwashe matattun daga Legas da Kano da Akara, ba daga Balin ta Jamus kaɗai ba.